Musayar Gwankin Malam Nomau

An ce wai a garin Tudun Marke an yi wani mai ɗorin karaya, ana kiransa Malam Nomau. Duk wanda ya faɗo daga itace, ko sa ya tunkuye shi, ko katanga ta danne masa ƙafa a ƙauyukan hayin gulbi, shi ake aika wa. Gulbin nan kuwa da rani babu ruwa, sai yashi mai cinye taya, kuma ƙetare shi a ƙafa yakan ci rabin sa'a.

Abin hawansa wani babur ne da kamfaninsa ya sa wa suna Gwanki. Matsakaici ne, ya fi na 'yan acaɓa ƙarfi, bai kai manyan nan masu rugugi ba. Ƙarfe ne tun daga tanki har marfin sarƙa, ga tsawo, giyarsa ta ɗaya kuma tana ja a hankali kamar san huɗa. Shekara ashirin da biyu suna tare. Ana nan sai kamfanin ya daina ƙera shi, bayan wani lokaci ya fito da wani, ya kira shi Sabon Gwanki.

Akwai wani dillalin babura a garin, Alhaji Ilu, mai bakin da zai sayar wa makaho madubi. Kullum Malam Nomau ya wuce sai ya tare shi ya ce, "Haba Malam, mutum kamarka a kan wannan gwangwani? Ga ƙaninsa nan ya zo, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai wannan yaro ne."

Yau da gobe ba ta bar komai ba. Malam Nomau ya dubi fentin nasa da ya koɗe, ya dubi sabon yana sheƙi da leda a sirdi, zuciyarsa ta karkata. Ya so ya ce a ba shi ya gwada a gulbi, amma ya ji kunyar sa sabon kayan mutum cikin yashi tun ba a yi ciniki ba. Kunyar nan ita ta cuce shi. Aka yi musaya, ya ba da tsohon, ya cika da ɗan bijimi, ya ce a gaban shaidu uku, "Na sallama."

Kwana tara bayan haka aka aiko cewa wani manomi a hayin gulbi mai suna Cindo ya faɗo daga ɗorawa, cinyarsa ta karye. A kan kwalta sabon babur ya yi gudu kamar ba gobe. Yana shiga gulbi ya nutse har ciki, injin ya ɗauki zafi ya mutu. Malam ya kai ƙafa zai tayar, ashe wannan ba a tayar da shi da ƙafa, sai da maɓalli, maɓallin kuma ya ƙi. Dattijo ya yi ta turi cikin ranar tsaka har jiri ya kayar da shi, masu shanu suka mayar da shi gida. Kwana huɗu yana kwance. Kafin ya miƙe, wani ɗan koyo ya ɗaure wa Cindo cinya yadda ya ga dama, ƙashin ya haɗe a karkace.

Baƙin ciki ya hana Malam Nomau sukuni. Ya je wa Alhaji Ilu ya ce a warware musaya, dillali ya ce bakin alƙalami ya bushe. Sai ya kai ƙara gaban Alƙali Zubairu.

Alƙali ya saurari shaidu, ya ga lamarin da wuya. Ciniki ya ƙullu, an sallama, kuma nadama kaɗai ba ta warware ciniki. Amma ga dattijo a gabansa, wanda jama'ar hayi ba su da kamarsa. Ya ce, "Malam, faɗa mini bambancinsu."

Malam Nomau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sabon ya fi kyau, ya fi gudu, bai kai tsohon shan mai ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma an yi shi ne don mai zuwa ofis. Gajere ne, jikinsa roba, in ya lalace sai an kai shi birni. Tsohon kuwa, da sifana ɗaya da tsumma nake gyara shi a gindin itace, kuma bai taɓa barina a gulbi ba."

Alhaji Ilu ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, sabo da tsohon ne kawai ke damunsa. Sabon nan ya ninka tsohon sau uku a komai. Alheri na yi masa, ni na kwana a ciki."

Alƙali ya ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Ko a gaban wa."

Alƙali ya gyara zama ya ce, "To, madalla. Ba zan warware cinikin farko ba. Sabon ciniki zan ƙulla muku. Malam zai ba ka wanda ya ninka sau uku, ka ba shi gwangwaninsa, bijimin ma ka riƙe. Ka ci riba sau biyu ke nan. Ɗan kasuwa ba ya ƙin riba sai da dalili, in kuwa ka ƙi, kotu tana son jin dalilin."

Malam Nomau ya ce ya yarda, cike da murna. Dillali kuwa ya shiga kame-kame. Da ya ga ba mafita sai ya faɗi gaskiya. Tun da aka daina ƙera tsohon Gwanki, kayansa suka zama zinariya wurin kanikawa, don haka ya daɗe yana haƙonsa. Washegarin musaya ya sa aka kwance shi. Injin yana ban ruwa a wata fadama mai nisa, tayoyin suna jan kurar ruwa, sauran kuma an watsa su kasuwanni.

Alƙali ya ce, "Ashe ka san darajarsa kana kushe shi, ka san na hannunka ba zai yi aikinsa ba kana yabo. Wannan ha'inci ne, ha'inci kuwa yana rushe ciniki." Ya hukunta a mayar da bijimi, dillali ya ɗauki sabon babur ɗinsa, ya biya ƙimar tsohon, ya kuma kawo abin da ya rage daga jikinsa.

Abin da ya rage bai cika buhu ba. Malam Nomau ya kwance bakin buhun, ya ga sirdi, da madubi ɗaya, da marfin sarƙa. Ya yi nasara, amma hawaye ne suka zubo masa a gaban jama'a. Alƙali ya ce a hankali, "Malam, shari'a tana mayar wa mutum haƙƙinsa, ba ta mayar masa da jiya."

Ya ɗauki kuɗin ya yi ta cigiya gari-gari, amma duk mai tsohon Gwanki ya fi shi wayo, ba wanda ya sayar. Daga nan bai sake ƙetare gulbi ba. In an aiko, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A kawo shi." Haka ake ɗoro mai karaya a amalanke, ana jijjiga shi cikin yashi yana salati, shi kuma yana zaune a ƙofar gida yana jira.

Shi ya sa masu hankali ke cewa kama da wane ba ta wane. Abin da ya yi maka shekara ashirin da biyu yana ƙetarar da kai, kada ka sallama shi don sheƙin abin da ba ka taɓa gwadawa a gulbinka ba.