Robar Tsotson Al'amin

Akwai wata baiwar Allah mai suna Zulfa, ƴar Funtuwa, da ta bi mijinta Badamasi zuwa Alƙahira a shekarar 2012. Suna zaune a Hayyus Sabi', unguwar ɗalibai, a hawa na biyar, ciki da falo. Larabcinta bai wuce na sayen burodi ba, sai "ma'alish" da "shukran". Duk inda za ta je, sai Badamasi ya shige gaba.

Shi kuwa Badamasi yana shekarar ƙarshe a karatun Shari'a. Yana da ƙoƙari, wannan ba a ja. Matsalarsa ɗaya ce, gani yake duk abin da ba a littafi ya karanta ba, ba ilimi ba ne. Haddarsa kuma a bayyane yake yin ta, yana kai da kawowa a falo, hannu a baya, ko tari ba ya so a yi.

Sai Allah ya ba su ɗa, suka sa masa Al'amin. Yaro mai lafiya, mai murya kuma. Falo ɗaya bai iya ɗaukar masu murya biyu ba.

Wata rana Badamasi ya je kasuwar Ataba, ya dawo da robar tsotso, wadda Misirawa ke ce wa titina. Kwali guda ya sayo. Ya ajiye ɗaya a kan katifa, ɗaya a kan littattafansa, ɗaya a aljihun jallabiya.

Zulfa ta juya robar a hannu ta ce, "Malam, mu a gida goyo muka sani da nono."

Ya ce, "Nan ba gida ba ne. Da ya buɗe baki, ki sa masa. Khalas, shi ke nan."

A faɗi gaskiya, robar ta yi aiki, ita ma Zulfa ta ji daɗinta. Tana girki a natse, tana wanki a natse. Watanni suka tafi a haka ba wanda ya cutu.

Da zafi ya shigo, lokacin jarrabawar ƙarshe ya zo. Akwai ta baki, wadda ake zama gaban shehunai a kawo hadda, ita ce ta fi tayar wa Badamasi da hankali. A daidai lokacin ne kukan Al'amin ya canza, yana ɗan wata takwas. Kuka ne mai kaifi, yana yi yana murza kunnensa da hannu. In aka sa masa robar, sai ya tofar. Jikinsa kuma da zafi.

Zulfa ta tsaya bakin falo har mijin ya kai ƙarshen shafi, sannan ta ce, "Malam, kukan nan ba na rigima ba ne. Ka kai mu asibiti."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Haƙori ne. Kowane yaro yana yi."

"Kunnensa yake ja."

"Zulfa, yaushe kika zama daktora? Ki bari in fita daga imtihani, bi'iznillah sai mu je."

Ya tashi da kansa ya jiƙa sukari a kofi, ya tsoma robar, ya sa wa yaron a baki, ya danne da yatsa har ya kama tsotso. Yaro ya yi shiru, hawaye na bin gefen fuskarsa. Badamasi ya ce, "Kin gani? Haka za ki riƙa yi." Haka kuwa ta riƙa yi, zuciyarta na ƙuna.

Suna da maƙwabciya, Mahasin, dattijuwa Bahaushiyar Sudan da ta daɗe a Masar. Ta shigo kawo wa Zulfa garin kuka da kuɓewa busasshiya, sai ta tarar da yaron. Ta taɓa goshinsa, ta leƙa kunnen, ta zare robar daga bakinsa. Kukan da ya ɓarke da shi sai da ya sa ta salati.

Ta ce, "Ƴata, ɗauko hijabinki. Yalla, maza mu tafi asibiti, ni zan yi miki Larabcin."

Zulfa ta sunkuyar da kai. "Inna, bai ba ni izinin fita ba. Bari ya dawo daga masallaci in sake roƙonsa."

"Izini? Yaro na cin wuta kina jiran izini?"

Zulfa ta jira. An raine ta a kan mace ba ta taka ƙofa sai da yardar miji, kuma haƙuri ne adonta. Da Badamasi ya dawo ta gaya masa, abin da ya ɓata masa rai shi ne an kai maganar gidansa waje.

Ya ce, "Subhanallah! Wato har kin fara kai ƙarata wajen maƙwabta? Ni da nake karanta haƙƙin ƴaƴa a kan iyaye, wata tsohuwa ce za ta koya mini? Jibi ne imtihani. Ba inda za ki je."

Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin, raina ɓaci yake yi. Asibitin ba nisa, tasi ɗaya ce.

Washegari yaron ya daina kuka. Ya kwanta lamo, robar a baki, ko tsotsa ba ya yi sosai. Nono ma sai ya kama ya saki. Badamasi ya leƙo ɗaki ya ce, "Alhamdulillah, ba na gaya miki ba? Ga shi ya samu sauƙi." Ranar ya yi haddar da bai taɓa yin irinta ba. Zulfa kuwa shirun ya fi kukan ba ta tsoro.

Da safen jarrabawa ya saka farar jallabiya ya fita. Zulfa ta je ɗaukar Al'amin ta yi masa wanka, sai ta ji wuyansa a sandare, maɗigarsa ta kumbura, idanunsa na kallon sama. Wannan karon ba ta tuna da wani izini ba. Ta sungume shi, ta buga ƙofar Mahasin da ƙafa, suka sauka benen da gudu.

A asibiti likita ya duba shi, ya yi tambaya da Larabci, Mahasin ta fassara: "Yana tambaya, tun yaushe yake zazzaɓi?"

Zulfa ta faɗa. Likitan ya dube ta, ya dubi robar da ke maƙale a rigar yaron, ya yi magana a taƙaice. Mahasin ta fassara mata. Ciwon kunne ne aka bari har ya hau kai, ya zama sanƙarau. Da an zo da wuri, maganin sha ya isa.

Badamasi ya iso bayan azahar, har lokacin da sauran fara'ar jarrabawa a fuskarsa, don ya kawo haddarsa ba gargada. Ya ga ɗansa da allura a hannu, ya nemi bango ya jingina.

Yaron ya rayu, aka sallame su, kowa na hamdala. Bayan an kwana biyu, Zulfa na wanke-wanke murfin tukunya ya suɓuce ya faɗi da ƙara, har ita ta firgita. Al'amin na zaune kusa da ƙafarta yana wasa da cokali, bai ko waiwaya ba. Ta tafa a bayansa. Ta kira sunansa har muryarta ta dishe. Da aka koma aka yi gwaji, aka tabbatar musu kunnuwan biyu sun tafi.

Sakamako ya fito, Badamasi ya samu daraja mafi girma a ajinsu. Ƴan uwansa ɗalibai suka cika falon suna "mabruk, ya Shaikh", suka ci shinkafa suka watse. Da gidan ya yi tsit, ya ɗauki Al'amin ya ɗora a cinya, ya kai bakinsa daidai kunnen yaron, ya fara karanta Fatiha a hankali. Yaron na ta wasa da maɓallin rigarsa. Ya ƙara murya. Ya sake ƙarawa.

Zulfa na tsaye bakin ƙofa da kwanuka a hannu. Ta ce, "Ɗaga muryarka yadda kake so, Malam. Yanzu ba zai dame ka ba, kai ma ba za ka dame shi ba."

Darasi: Jariri ba shi da bakin magana sai kuka. Robar tsotso ta rarrashi ce, ba magani ba ce, kada a toshe bakin yaro da ita kafin a san abin da ke damunsa. Maigida, in uwa ta ce kukan ya canza, ajiye abin da kake yi ka saurare ta, iliminka bai kai nata a kan ɗanta ba. Ke kuma ƴar uwa, ba a haƙuri da ciwon yaro. Ku tura wa duk mai jariri a gida, wataƙila wani ya kai nasa asibiti yau.