Ranar Da Malam Yaji Ya Ƙi Kujera

Jama'ar wannan shafi, ku zo ku ji.

Akwai wani dattijo manomi a Danchuwa, kusa da Potiskum, ana kiransa Malam Yaji. Ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar manoman da ke karɓar takin tallafi na gwamnati.

A lokacin tallafin kashi uku ne, kowanne da ƙungiyarsa. Taki na hannun Malam Yaji. Tarakta na hannun Bashir, ɗan kasuwa mai tireloli. Irin shuka kuma na hannun Yakaka, wata mata da mijinta ya rasu, ita ke noma gonarsa. Kowa ranarsa daban. Sai iri ya zo an riga an yi shuka, taki ya iso gero ya fara fidda kai.

Wata shekara malamin gona ya kawo labari: an haɗe shirye-shiryen uku wuri ɗaya, don haka ƙungiya ɗaya ake so, shugaba ɗaya.

Nan take Bashir ya fara zagaye gidaje da goro, yana neman kujerar. Kowa ya ɗauka shi da Malam Yaji za su kara, kuma yawancin mutane na bayan dattijon.

Ranar taro a ƙofar mai unguwa, Malam Yaji ya miƙe ya ce shi ba ya so, a ba Yakaka.

"Ni sunayenku na sani," in ji shi. "Ita gonakinku ta sani. Ta san mai jigawa, ta san mai fadama."

Bashir ya yi dariya. "Baba Yaji, da furfurarka za ka koma ƙarƙashin mace?"

Dattijon ya ce in dai taki zai zo kan lokaci, zai zauna. Aka zaɓi Yakaka. Bashir ya fice da mutanensa goma sha biyu, yana cewa ya san manya a ofis.

Abin bai zo wa Malam Yaji da sauƙi ba. Iyalinsa sun ji haushi, a majalisa ma an rage miƙa masa tabarma. Amma kullum da safe shi ke yin gaba zuwa gidajen mazan da ba sa son sauraron Yakaka, ya lallashe su, sannan ita ta bi gona-gona tana duba abin da kowa ke buƙata.

Kafin ruwan farko iri da taki sun sauka rana ɗaya, ruwa na zuba tarakta ta yi huɗa.

Bashir kuwa ya je ofis neman kason mutanensa, ya tarar tsohuwar ƙofar da ya saba bi an rufe ta. Mutanensa suka taso shi gaba. Kunya ta hana shi zuwa wurin Yakaka, sai ya samu Malam Yaji a gona. Dattijon bai tuna masa komai ba, ya ajiye fartanya ya raka shi wurinta.

Ashe Yakaka ba ta cire sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu ba, kasonsu na ajiye.

"Baba ne ya ce kada a taɓa, za ku dawo," ta ce.

Bashir ya sunkuyar da kai. Da kaka ta yi, shi da kansa ya ba da mota kyauta aka kai waken ƙungiya kasuwar Potiskum, suka sayar a dunƙule da daraja.

Da aka tambayi Malam Yaji ko yana kewar shugabanci, sai ya nuna bayan gidansa ya ce, "Da ina kan kujera rumbu ɗaya nake cikawa. Bana ga na biyu can ana ginawa."

Darasi: In an haɗa ƙarfi wuri ɗaya, dole wani ya haƙura da kujerarsa, kuma babban mutum shi ne wanda ya matsa wa wanda ya fi shi sanin aiki. Ku tura wa shugaban ƙungiyarku da duk manomin da kuka sani.