Ƙararrawar Inna da Wutsiyar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu a buɗe.

A wani daji akwai wata tsohuwar kunkuru, kowa Inna yake ce mata. Mijinta ya ƙare rayuwarsa yana cewa sai ya ga teku. Bana ya ce baɗi, baɗi ya ce sai an yi girbi, har Allah ya karɓi abinsa bai wuce rafin bayan gida ba. Abin da ya bari shi ne wata 'yar ƙararrawa da ya ce zai rataya a wuya ranar tafiya, ya ɓoye ta a ƙasan gado, ba wanda ya taɓa gani sai matarsa.

Da Inna ta gama takaba sai ta tara namun daji a gindin kanya. Ta ce, "Shi bai je ba, ni kuma ƙafa ta ƙi. To, ƙararrawarsa za ta je. Na ɓoye ta a wani kogo. Wanda ya tsinta ya ɗauka, ya yi gaba da ita iya ƙarfinsa, ya ɓoye a wani wuri, ran kasuwa ya zo ya gaya mini inda ta kai. Ga tulun zuma. Gwargwadon nisa, gwargwadon ludayi."

Kura ta ce, "Inna, in wani ya shirga miki ƙarya fa?"

Inna ta ce, "Na san da irinku. Abin da ke kaɗawa a cikinta ba ƙarfe ba ne. Wanda ya riƙe ta da hannunsa zai sani, sai ya raɗa mini a kunne. Wanda kuwa ya ce ya gani bai gani ba, ga Ƙaguwa nan, wutsiyarsa ta tafi."

Ƙaguwa tana gefe, ta ɗaga almakashinta ta yi ƙyas-ƙyas.

To, akwai Kurege. Ku dai kun san Kurege: ciki kamar rijiya, ƙafa kuwa ba ta son rana. Abu biyu yake so a duniya, zaƙi da wutsiyarsa. Wutsiyar nan kullum sai ya taje ta, ya shafe ta da mai, in zai zauna sai ya share mata wuri kafin ya share wa kansa. Ya dubi tulun zuma, ya dubi faɗin daji, ya ce a ransa, zumar nan sai na sha ta, yawon nan kuwa ba da ni ba.

Hasbiya ce ta fara tsintar ƙararrawa. Baiwar Allah, ta kai ta kogon wata ɗorawa, ta zo ta raɗa wa Inna, ta sha ludayinta. Kurege ya bi ta har sheƙa da damin gero.

"Yaya Hasbiya, ni fa ban yarda kin gan ta ba."

"Wallahi na gani."

"Anya? Kowa cewa yake sa'a kika yi."

"Sa'a? Da idona na ga ƙwallon tsamiya a ciki, an ɗaure da jan zare!"

Kurege ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, ci geronki."

Ran kasuwa ya yi birgima a ƙura, ya zo yana ɗingishi. "Inna, na gan ta, na taɓa ta, na kai ta bayan Dutsen Shaho." Ya sunkuya ya raɗa: ƙwallon tsamiya, jan zare. Inna ta yi murna har da hawaye, ta ce, "Bayan dutse! Malam mijina, ka ji inda ka kai?" Ta cika masa ludayi, ta ƙara.

Wata kasuwar ya ce ya sake cin karo da ita a ƙetaren babban kogi. Ya sha. Wata kasuwar ya ce ƙasar da ake noman goro. Ya sha. Wutsiya ta yi sheƙi, kumatu suka fito.

Da a nan ya tsaya, da ba mu da tatsuniya. Amma ina! Zuma ba ta hana shi son gyaɗa ba. Kura ta tare shi ta ce, "Ɗan ƙanena, kai da ko rafi ba ka zuwa, yaushe ka ƙetare kogi?" Ya ga ba mafita, ya ce ta kawo kwandon gyaɗa. Ta kawo, ya raɗa mata. Zomo ya ji, ya kawo nasa. Biri ya kawo, Dila ya kawo. Kafin ka ce me, rabin daji sun ga ƙararrawa suna kwance a inuwar gidajensu.

Sai wata ran kasuwa layi ya yi tsawo. Kura ta ce jiya ta bar ta a cikin hamada. Zomo ya ce jiya ya bar ta a ƙasar tuddai. Gafiya, maƙwabciyar Inna, ta ce jiya ta bar ta a wani tsibiri. Kurege ya tsaya a ƙarshen layi da gangan don ya ji nisan kowa ya ɗara shi. Da aka zo kansa ya buɗe murya.

"Inna, albishirinki. Yau da hantsi na ajiye ta a bakin teku!"

Inna ba ta ɗauki ludayi ba. Ta dube shi, ta dube shi, har ya fara sosa ƙeya.

"Jiya hamada, jiya tuddai, jiya tsibiri, yau teku. Ɗan nan, ƙararrawar mijina fiffike ta yi?"

"Inna, ai zamani ne, abubuwa sauri suke yi."

"To madalla. Tunda ta ga teku, ta gama aikinta. Kai ka gan ta a ƙarshe, kai za ka dawo mini da ita. Kasuwa mai zuwa, ko ƙararrawa a gabana, ko wutsiyarka a gabana."

Ƙyas-ƙyas, in ji Ƙaguwa.

Kurege ya koma gida ya rungume wutsiya ya yi kuka mai isarsa. Da kuka ya ƙare ya share ido ya ce, "Wallahi ba za a yanke ki ba, ko da zan tone dajin nan da farce." Ka ji malalaci ya tashi neman abin da ya ce ya gani!

Ya fara da kogon ɗorawar da Hasbiya ta ce. Wayam. Ya zura hannu a kogon kuka, rina suka yi masa maraba, fuska ta kumbura. Bai fasa ba. Ya leƙa ramin Tunku, ya sha mari. Bai fasa ba. Ya shiga gindin ƙaya, ya fito da rabin gashin baya. Bai fasa ba. Ya tone suri, ya ɗaga duwatsu, ya tambayi ƙadangare, ya tambayi kwaɗo. Wanda duk ya tambaya sai ya ce, "Ba kai ka kai ta teku ba?"

Ana gobe kasuwa ya zauna a bakin rumbunsa, ƙafa duk ƙaya, yana kallon kwandunan gyaɗar da suka ja masa. Wannan na Kura ne. Wannan na Zomo. Wancan na Biri, wancan na Dila. Sai ya yi tsam.

"Ina na Gafiya?"

Ya sake dubawa. Babu. Gafiya ta sha zumar Inna, ta raɗa mata magana daidai, amma ko ƙwayar gyaɗa ba ta taɓa kawo masa ba. Kuma a dajin nan ba mai ba Gafiya komai kyauta, don ita ma ba ta bayarwa. To wa ya gaya mata abin da ke ciki?

Kurege ya yi tsalle ya dire. "Muguwa! Da idonki kika gani. Ba ki kai ta ko'ina ba, tana raminki!"

Sai dai ramin Gafiya ba a shiga. Ƙofa nan, ƙofa can, lungu cikin lungu, kuma haƙoranta ba na wasa ba ne. In ya tambaye ta za ta rantse. Ya murza gemu. Can ya tashi ya nufi rafi, ya tsinci wata tsohuwar katantanwa, ya huda ta, ya ɗaura ƙwallon tsamiya da jan zare a ciki, ya naɗe a ganye.

Ran kasuwa gindin kanya ya cika maƙil, kowa ya zo kallon yankan wutsiya. Kurege ya iso yana taƙama, ya durƙusa gaban Inna, ya kwance ganye.

"Ga ƙararrawar Baba, daga bakin teku."

Inna ta dubi katantanwa. Ta buɗe baki za ta yi magana, Kurege ya riga ta.

"Kafin ki ce komai, Inna, ga shaidu. Duk waɗannan sun riƙe ta da hannunsu. Yaya Kura, ita ce ko ba ita ba ce?"

Kura ta matso kusa da katantanwa. Abin da ke ciki kaɗai ta saya, ba ta san kamannin bayan ba. In ta ce ba ita ba ce, a ce to yaya take? Ta leƙa, ta ga ƙwallo, ta ga jan zare.

"Ita ce! Har ga inda haƙorina ya taɓa ta a hamada."

Zomo ya ce, "Ita ce sak, sai dai ta ɗan rame da tafiya."

Biri ya ce ita ce. Dila ya ce ita ce, shi da zai rantse. Hasbiya daga kan reshe ta ce, "Jama'a, wannan ai katan..." Aka yi mata ca, wa ya tambaye ki, ta ja bakinta.

Inna tsohuwa ce, ba a banza ta tsufa ba. Ta dubi Kurege, ta ga idonsa ba a kanta yake ba, yana kan Gafiya. Sai ta gyara zama ta ce, "To, tunda kowa ya shaida. Wanda ya ajiye ƙararrawar mijina a gabana, tulun nan gaba ɗaya nasa ne. Ɗan nan, ɗauki."

Kurege ya rungumi tulu, ya zura yatsa, ya lasa a hankali, ya lumshe ido. Gafiya ta haɗiye yawu. Ya sake zurawa. Gafiya ta matso kusa. Ya ɗaga tulu zai kafa kai.

"Ƙarya ne!" in ji Gafiya. "Ƙarya yake! Katantanwa ce! Ku riƙe tulun nan, kada ya sha, ina zuwa!"

Ta faɗa wani rami da ke nan jikin katangar Inna. Jim kaɗan sai aka ji ƙilin-ƙilin daga ƙarƙashin ƙasa. Ta fito da 'yar ƙararrawar tagulla a baki, ta dire gaban Inna, ta miƙa hannu wajen tulu.



Inna ta jawo ƙararrawa, ta goge mata ƙasa da gefen zane. Ta ce, "Kullum ran kasuwa ina komawa ɗaki in ce, Malam, yau ka ƙetare kogi, yau ka ga ƙasar goro. Ashe kana nan jikin katangata, cikin ɓawon gyaɗa. Zumar ba ta dame ni ba. Kun sa na yi wa mamaci ƙarya."

Ba wanda ya iya ɗaga kai. Kurege kansa, mara kunyar nan, sai da ya ajiye tulu a hankali.

Ƙaguwa kuwa ba ta san tausayi ba. Ta bi layi. Ƙyas, ta Kura ta koma guntuwa. Ƙyas, ta Zomo saura ɗan tukku. Biri da Dila suka ranta a na kare. Gafiya ta ce ai ita ta gani da gaske, aka ce haka ne, amma kin riƙe abin da aka ce a wuce da shi. Ba a yanke tata ba, aka kankare gashin tas, har yau haka take yawo da ita tsirara.

Aka zo kan Kurege. Ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu.

"Inna, ki duba. Kin ce ko ƙararrawa a gabanki ko wutsiya. Ga ƙararrawa a gabanki. Ba ki ce ta hannun wa ba."

Inna ta ce, "Gaskiyarka. Ƙaguwa, bar masa abarsa. Miƙo ta nan, ɗan nan."

Ya miƙa. Inna ta ɗaura ƙararrawa a tsakiyar wutsiyar, ta yi ƙulli irin na kunkuru, wanda ba a kwancewa.

"Ka ce Dutsen Shaho, za ka kai ta. Ka ce ƙetaren kogi, za ka kai ta. Ƙasar goro, za ka kai ta. Ka ce teku, sai ka jiƙa ta da ruwan gishiri ka dawo in lasa in ji, sannan in kwance. Ba sai ka zo ka ba ni labari ba, duk inda ka bi za a ji ka."

"Inna, teku fa da nisa."

"Ka ce da hantsi ka je ka dawo."

Kurege ya miƙe. Ya ɗaga wutsiya sama don kada tagulla ta ja ƙasa, ya kama hanyar kudu, ƙilin-ƙilin, ƙilin-ƙilin. Ya hangi gonar gyaɗa ya ratse zai ɗan taɓa, ƙilin-ƙilin, mai gona ya fito da sanda. Haka ya yi ta tafiya da yunwa, tsuntsaye suna kawo wa Inna labari, kowa da idonsa ya gani.

Ran da Shamuwa ta sauka ta ce ta bar shi tsaye cikin kumfar teku yana tsoma wutsiya yana zage-zage, Inna ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, aka ji tana cewa, "Malam, ka isa."

Ƙurunƙus kan gafiya mai tsirarar wutsiya. In za ku ce kun ga abin da ba ku gani ba, ku ce a bayan gida kuka gan shi, don ran da aka ce ku kai mu, tafiyar ba ta da nisa.