Layi Ɗaya da Auta Ya Ƙi Rubutawa

Akwai wani matashi, autan gidansu, wanda bai daɗe da fara koyon rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Python ba, amma kansa ya riga ya kumbura. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya kawo maka zancen kwamfuta.

Ranar da yayarsa za ta gabatar da bincikenta gaban malamai, ya roƙe ta aron kwamfutarta kafin ta fito daga wanka. Wai yana so ya saka pip, abin da ake sauko da kayan aikin Python da shi.

Ta amince da ƙyar. Ta ce masa manhajar da ke fito da sakamakon bincikenta a ciki take, don haka ya fara rubuta pip --version a baƙin allon umarni, ya ga ko akwai shi.

Auta ya taɓe baki. Dubawa ai ta 'yan koyo ce. Ya bi wani bidiyo da ya ce a cire tsohon Python a saka sabo. Allon ya tambaye shi ko ya tabbata, ya amsa e ko karantawa bai yi ba.

Yaya ta fito a shirye, ta buɗe manhajarta don duban ƙarshe. Sai jan rubutu mai nuna matsala ya cika allon. Ta sake gwadawa, haka. Duk kayan da aikinta ya dogara a kansu sun bi tsohon Python ɗin.

Auta ya karɓi kwamfutar yana ta danne-danne, gumi na ɗiga a kan madannai, wayar Yaya kuma tana ta ruri daga makaranta.

"Auta, ka duba kafin ka saka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ai pip ɗin yana ciki. Ni na saka shi da hannuna tun bara."

Ba ta zage shi ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da la'asar ta dawo. Malaman sun ɗage ta zuwa zango mai zuwa, ba za ta yi bikin kammalawa da 'yan ajinsu ba. Auta ya kalli sabuwar rigar bikin da ke rataye a bayan ƙofarta, ya kasa ko ba ta haƙuri.

Darasi: Kafin ka saka ko ka cire, duba abin da ke nan, musamman idan kayan ba naka ba ne. Ku tura wa duk mai saurin hannu da kuka sani.