Mai Hatimi da Katin Ƙanensa

An yi wani mutum mai sassaƙa hatimi. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada kowa ya waiga ya kalli na kusa da shi, don na ga wasu har sun fara.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: teburi ɗaya, fitila ɗaya, da ƙananan wuƙaƙe a cikin gwangwani. Amma fa hannu gare shi. Makarantu da asibitoci da ofisoshi duk wurinsa suke kai aiki. In ya yanka maka hatimi a roba ka buga a takarda, sai ka rantse inji ne ya yi.

Yana da ƙane mai gyaran famfo, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya suke zaune da mahaifiyarsu. Ƙanen nan ba shi da hayaniya, kullum ƙafar wandonsa a jiƙe, kuma ba ya ƙetare maganar yayansa. Shi mai hatimi yana da 'ya ɗaya tilo, 'yar shekara tara, mai sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake ce mata. Kullum in ya taso daga aiki, tun daga bakin ƙofa zai ƙwala kira, "Uwata!" Ita kuma ta amsa daga ciki, ta sheƙo da gudu ta karɓi jakarsa. Ku riƙe wannan kiran a ranku.

Shekara da shekaru mai hatimi yana faɗa wa kowa shi ne zai fara zuwa aikin Hajji a gidansu. Sai Allah ya yi ikonsa. Wani dattijo da ƙanen ya daɗe yana yi wa gyara ba ƙorafi, ya biya masa kujera.

Ya 'yan uwa, me ya kamata babban wa ya yi? Ba sujadar godiya ba? Da baki kam ya ce barka. Amma daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. In ya ji mahaifiyarsu ta ce wa ƙanen "Alhajina" tun bai tafi ba, sai ya tashi ya bar wurin. In maƙwabta suka shigo taya murna, sai ya tuna yana da aiki a shago. A ransa cewa yake: ni da na goya shi, ni da na koya masa alwala, shi ne za a riƙa ba wuri a gabana? Wannan ita ce hassada, ba ta da wani suna.

To, kun san doka ce, duk maniyyaci sai an yi masa allurar rigakafin sanƙarau aƙalla kwana goma kafin tafiya, a ba shi kati da hatimi. Ba don a wahalar da kowa aka sa ta ba. Wuri ne da mutanen duniya ke haɗuwa kafaɗa da kafaɗa, numfashin wannan a fuskar wancan, ciwon kuma ta numfashi da tari yake bi.

Ƙanen nan, ƙato da shi, tsoron allura yake tun yana yaro. Kada ku yi dariya, akwai irinsa a sahun nan. Sau biyu yana zuwa asibiti, ya ga layi, ya ga ma'aikaciya ta ɗaga sirinji, ya sulale ya dawo. Wa ya san wannan sirri? Yayansa.

Ranar nan ya kira shi shago, ya ja shi gefe, ya rage murya. Ya ce, "Bar wahalar da kanka. Allurar nan ma zazzaɓi take sa mutum, ka je can ka kasa ibada. Kawo katin, ni zan gama maka komai."

Ƙanen ya ce, "Yaya, babu laifi kuwa?"

Ya ce, "Ni zan cuce ka?"

Ya zauna ya yanka hatimi irin na asibitin sak, ya buga. Amma da ya zo rubuta kwanan wata, da gangan ya sa saura kwana uku a tashi, alhali ya fi kowa sanin goma ake so. Nufinsa masu duba takardu su gani, su fitar da ƙanen daga layi a gaban jama'a, ya dawo gida da jakarsa a ka. Har ya tanadi kalaman jajen da zai yi masa. Subhanallahi!

Sai dai girman kai bai bar shi ya yanka hatimi mara kyau ba. Hatimin ya fito raɗau. Ranar tantancewa mutane sun yi cincirindo, mai dubawa ya gaji, ya kalli hatimi, ya ga babu makusa, bai ko duba kwanan wata ba ya ce a wuce. Ƙanen ya tafi, ya yi aikinsa, ya dawo lafiya garau, har ya yi ƙiba. Mai hatimi ya rungume shi yana murmushin dole.

Wadda ta fi kowa murna ita ce yarinyar. Ta manne wa Baba Ƙarami, kwano ɗaya suke ci, tana kan cinyarsa yana ba ta labarin abin da ya gano, tana tambaya ba ta gajiya.

Ba a yi mako guda ba, da hantsi ta ce kanta na ciwo. Kafin azahar jikinta ya yi zafi zau, tana amai, wuya ya sanƙare, ba ta son ganin haske. Aka kwashe ta sai asibiti. Likita ya ce sanƙarau ne, ya tambaya ko akwai wanda ya dawo daga tafiya a gidan. Ya yi musu bayani cewa mutum yana iya ɗauko ƙwayar cutar a maƙogwaronsa, shi yana yawo lafiya lau, ya shafa wa na kusa da shi. Ya ce a kawo katin Alhaji.

Ƙanen ya fashe da kuka, ya ce ba a yi masa allura ba. Ya kama hannun yayansa yana cewa, "Ni na jawo mata, Yaya. Kai taimakona ka yi, ka yafe mini."

Likita ya jujjuya katin, ya ce, "Wane irin taimako? Wanda ya iya hatimin nan ya san doka. Kwana uku ya rubuta maka. So ya yi a koro ka."

Ƙanen ya saki hannun a hankali. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai dubi yayansa ya ce, "Ai da ka ce in bar maka kujerar, Yaya, wallahi da na bar maka."

Allah ne masanin ta inda ciwon ya biyo. Abin da muka sani, hukuma ta rufe shagon, babu mai sake ba shi amanar hatimi, mahaifiyarsa ta daina ɗaga ido ta dube shi. Duk wannan mai sauƙi ne. Yarinya ta rayu, amma ciwon ya tafi da jinta, kunne biyu.

Ya 'yan uwa, ku ji ni da kyau. Mai hassada yana zaton shi ke zaɓar wanda sharrinsa zai faɗa wa. Ƙarya yake! Wa ya ba shi wannan iko? Kujerar da Allah ya rubuta wa ɗan uwanka, ko ka ƙi barci shekara ba za ta zama taka ba. In ka ji ƙirjinka ya yi nauyi don wani ya samu, yi maza ka yi masa addu'a da sunansa, ko bakinka ba ya so.

Ku kuma maniyyata, ban wanke ƙanen ba. Za ka ɗakin Allah, ka fara da takardar ƙarya? Allurar da ba ta kai ƙiftawar ido ba? Ba don kanka kaɗai ake yi maka ita ba, har da tsohuwar da za ta rungume ka da jikan da zai hau cinyarka ranar da ka dawo. Ku je da ƙafarku, a kan lokaci, ku miƙa dantse.

Mutumin nan yana nan da rai. An ce har yau in ya iso bakin ƙofa yakan manta ya ƙwala kira, "Uwata!" Tana zaune a tsakar gida ta ba shi baya, tana wasanta, ba ta waigowa. Sai ya tsaya da jakarsa a hannu.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin 'yan uwanmu, ya kai maniyyatanmu lafiya ya dawo mana da su lafiya, kada ya kama 'ya'yanmu da laifin hannunmu. Allah ya kiyaye mu.