Naɗin Ƙarshe Na Mai Fanka

Akwai wani mutum da kowa a layinsu ke kira Mai Fanka. Shekara talatin ya yi a ɗan shagonsa, tsakanin matattun fankoki da injinan markaɗe, yana kwance kwayil ɗin da ya ƙone, wato naɗin wayar da ke cikin inji, yana naɗa sabo. In ka miƙa masa moto, wato ɗan injin da ke juya fanka, shinshinawa kawai zai yi ya faɗa maka abin da ya kashe shi.

Yana da ƙane da ya yi karatu mai zurfi, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya tun kafin takardar shaidar karatun ta fito.

Injiniya ya shiga ƙungiyar masu ƙera ƙananan robot na faɗa. Ga wanda bai sani ba, ɗan inji ne mai tayoyi, bai fi tafin hannu biyu ba, da rimot ake tuƙa shi. Ana saka biyu a akwatin gilashi su gwabza na minti uku, wanda ya daina motsi ya faɗi. Kuma akwai iyakar nauyi, ko giram ɗaya ka ƙara ba za ka shiga ba.

Moto biyu masu juya tayoyin, Mai Fanka ne ya naɗa su da hannunsa. A lokacin idonsa ya fara tafiya, likita ya riga ya gaya masa gaskiya. Wata biyu ya yi yana sunkuye da gilashin ƙara girma, yana naɗa waya siririya kamar gashi, hawaye na zuba saboda yaji. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji.

"Ki bar ni," in ji shi. "Wannan ne naɗina na ƙarshe. So nake in ga aikina ya yi faɗa sau ɗaya kafin fitilar ta mutu."

Saura kwantirola. Ita ce ɗan allon da ke tsakanin batir da moto, tana auna wutar da za ta wuce, ta sa gudu, ta rage, ta mayar baya. Kowace da iyakar wutar da za ta iya ɗauka. Manya sun fi juriya, amma sun fi nauyi. Shi kuwa Injiniya ransa na kan wata ƙatuwar wuƙa mai juyawa da yake son ɗora wa robot ɗin a gaba, don haka kowane giram rowarsa yake yi.

Wata ranar Asabar ya shigo shagon da abokansa biyu na ƙungiya, ya ajiye kwantirola biyu a kan benci, kowace kamar farcen babban yatsa. Mai Fanka ya laluba ya ɗauki ɗaya.

"Ƙanena, ka auna wutar da moto ke ja?"

"Na auna, Yaya. Amfiya biyu kacal mita ta nuna. Wannan mai biyar ce, har da rara."

"A ina ka auna?"

"A kan tebur mana."

"Tayoyi na lilo a iska ke nan. To riƙe taya da yatsa ka hana ta juyawa, sannan ka dubi mita. Moto in aka danne shi, wutar da yake sha ta ninka biyar ko shida. Fankar da tsumma ya shaƙe ita ake kawo mini a ƙone, ba wadda ke juyawa ba. A akwatin nan kuwa turereniya za a yi. Ga mita nan, minti ɗaya ne."

Minti ɗaya, jama'a. Amma abokai na tsaye, kuma akwai mutanen da gara ka mare su da ka gyara musu magana a gaban mutane.

Injiniya ya yi 'yar dariya. "Yaya, wannan fa ba fanka ba ce. Da lissafi ake yin sa, ba da shinshine-shinshine ba. Kai da ko lambar da ke jikinta ba ka iya gani, me za ka gaya mini?"

Abokan suka ƙyalƙyale. Mai Fanka ya mayar da kwantirolar kan benci a hankali, ya ce, "Haka ne. Allah ya ba da sa'a."

Ranar gasa matarsa ta riƙo hannunsa har layi na biyu na kujerun 'yan kallo. Ya sa rigarsa mai kyau. Daga inda yake, akwatin gilashin wani farin haske ne kawai mai inuwa biyu a ciki, amma ya ce hakan ma ya isa.

Abokiyar karawar Injiniya wata malamar makaranta ce. Robot ɗinta ba wuƙa, ba ado, kamar bakin shebur aka sa wa taya. Da aka busa usur, wuƙar Injiniya ta sare shi, tartsatsi ya tashi, ɗaki ya ɗauki ihu. Injiniya har da waigowa ya ga ko ana ɗaukarsa hoto.

Sai malamar ta zagayo, ta cusa bakin shebur ɗin a ƙarƙashin robot ɗinsa, ta tura shi kusurwa ta danne. Tayoyi suka tsaya cak. Injiniya ya tura sandar rimot har ƙarshe, ya riƙe.

Ba a yi daƙiƙa goma ba hayaƙi ya fito. Kwantirola biyun suka narke a buɗe, batir ya ci gaba da juye wutarsa cikin moto ba mai tare ta. Injiniya ya saki rimot, ya kashe, ya kunna, a banza. Kafin alƙalin gasa ya buɗe akwatin ya cire batir, komai ya gama.

Mai Fanka yana ta tambayar matarsa, "Wa ke kan wani? Namu ne a gaba?" Can sai ya ɗaga hanci, ya shinshina.

"Tashi mu tafi," ya ce. "Naɗina ne ke ƙonewa. Na san warin."

A bayan fage malamar ta zo ta duba gawar robot ɗin. Ta buɗe moto ɗaya, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi maka wannan naɗin? Wallahi ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Kuma ka haɗa shi da wannan 'yar mitsitsiyar? Ba ka riƙe taya ka auna ba?"

Injiniya ya tattara moto biyun ya tafi da su gida.

Kunya ta hana shi zuwa shagon. Mako ya zama wata, wata ya zama huɗu. Ranar da ya yi ta maza ya je, a gida ya sami yayansa, zaune a bakin ƙofa, shagon a kulle. Ya durƙusa ya zuba masa moto biyun a hannu.

"Yaya, na yi kuskure. Ka yafe mini. Ka sake naɗa su, wannan karon duk abin da ka ce shi zan yi."

Mai Fanka ya shafa su da yatsa, ya kai hanci, ya miƙa masa abinsa.

"Yafiya kam na yafe tun a ɗakin nan. Naɗi kuwa, ƙanena, ido ya tafi, da muryarka na gane kai ne ka zo."

Har yau moto biyun na kan teburin Injiniya, baƙi ƙirin. Ya sayi manyan kwantirola daga baya, suna nan cikin ledarsu, bai taɓa buɗewa ba.

Darasi: Kada ka auna abu a lokacin da yake lilo a iska, ka auna shi a inda za a danne shi. Kuma in wanda ya daɗe a aiki ya ce ka tsaya minti ɗaya ka duba, ka tsaya, ko da duniya na kallonka. Yafiya takan samu, amma ba duk abin da girman kai ya ƙona ake sake naɗawa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san yana da yayan da ya daina saurara.