Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a nan garin Makka, a nan cikinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, sauran sunayen ma duk na canza su, don Malama Zubaidatu ta ce in dai zan yi magana a zaman yau, to ban da cin naman mutane. Ni ba malama ba ce, kun san inda karatuna ya tsaya. Amma tun ranar Juma'a labarin nan yake cin raina. Ga shi na gama arba'in lafiya, ga Minnatullah ta yi barci a bayana, kun ga kumatu masha Allah, to ku bari in sauke shi kafin ta farka.

Mutumin nan a nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa a kan Hausa. Mahaifiyarsa, mu kira ta Hajiya Ɗaso, tana yarinya aka taho da ita a ƙasa, ta Chadi, ta Sudan, shekara bakwai suna hanya. A unguwar Misfala ta girma, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu. Ɗan gidansu yana kan dutse, in ladanin Harami ya ɗaga murya kamar a tsakar gida yake. Shekara sittin matar nan Juma'a ba ta wuce ta a Harami, sai dai in uzurin mata ne ya riƙe ta.

Sai rusau ya biyo ta unguwarsu. Aka biya su kuɗin gida, suka dawo can saman unguwar Mansur. Ga nisa, ga gwiwa ta ƙi. Aka saya mata keken guragu, arabiyya dai irin ta Harami.

Shi kuwa ɗan nata yana da farar bas mai cin mutum goma sha biyu. Da ita yake kai alhazai ziyara, Arfa, Muzdalifa, Tan'im, da ita yake ci da iyalinsa. Ranar Juma'a ba ya ɗaukar kowa. Sai ya naɗe kujerar baya, ya ɗora arabiyya, ya ɗauko uwarsa a hannu ya zaunar, ya kai ta iyakar inda mota ke tsayawa, ya tura ta har sahun mata. Duk Mansur an san shi da wannan. Iyaye mata da shi suke yi wa 'ya'yansu gori.

To ina Shaiɗan zai shigo wa irin wannan mutum? Ba ya shaye-shaye. Ba ya bin mata. Ta mota ya shigo masa.

Ya fara zama da wasu samari a wani wurin hutawa a hanyar Jidda, masu kuɗin iyaye, hirarsu daga inji sai taya. Suna ce masa direban hujjaj, wato mai jigilar alhazai. Yana dariya, amma abin yana sukarsa. Rannan ɗayansu ya nuna masa wata mota a waya, ya ce guda nawa ce kacal aka shigo da ita ƙasar nan, kuma ba kowane namiji ke iya riƙe ta ba. Shi ke nan. Ya kwana da ita, ya tashi da ita. Ya sayar da bas ɗinsa ga wani dattijo, Malam Kabo, ya haɗa da kuɗin rusau, ya tafi Jidda ya zuba riyal dubu ɗari biyu da ɗoriya.

Ni ban iya sunan motar ba, haruffa ne da lambobi. Amma na gan ta da idona. 'Yar ƙarama ce, ya 'yan uwa, ƙofa biyu, bayanta a guntule, irin wadda za ki ce ta kai yara makaranta ce. Ashe don filin tsere aka ƙera ta. Ƙasanta kamar ya shafi kwalta. In ya tashe ta, tagogi har rawa suke.

Ranar da ya kawo ta, matarsa Shifa ta sauko da goyon Manal, ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Abban Manal, ina kujerun baya?”

Ya ce, “Babu. Haka ake sayar da ita.”

“To sun rage maka kuɗi?”

“Ke ba ki gane ba. Cirewar ce ta sa ta fi tsada. Nauyi ake ragewa.”

“Na'urar sanyi fa?”

“Nauyi ce.”

“A Makka?” in ji Shifa. “To ni ma ka faɗa min tun yanzu in nauyi ce, in haɗa kayana.”

Kun ji fa. Mota babu sanyi, babu rediyo, babu tayar canji, a wurin kujerun baya wasu ƙarafa ne aka gicciya kamar kejin kaji. Duk abin da mutum ke buƙata an cire, an ƙara kuɗi. Shi kuwa yana shafa ta yana cewa wannan ba ta masu kai kaya ba ce, ta waɗanda suka san tuƙi ce.

Sai aka sauko da Hajiya Ɗaso ta gani. Ba ta kiran sunansa, sunan mahaifinta ya ci. Ta dafa ƙarfen nan, ta ce, “Babana, arabiyyata ina za ta shiga?”

Ya ce, “Ummi, halas, kada ki damu, za a san yadda za a yi.”

Ya gwada ta tsaye, ya gwada ta kwance, ya cire ƙafafun. Ƙarfe ya hana. Ita kanta Hajiya sau ɗaya ta shiga, don kujerar zurfi gare ta kamar turmi. Shiga ta yiwu, fita ta gagara. Sai da mutum biyu suka ciccibo ta a bakin titi, mayafi ya zame, mutane suna kallo. Tsohuwa mai shekara saba'in da biyar. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce, “Allah ya sa alheri.”

Motar ma ba ta iya hawa layinsu. Kun san tudun nan da tarin kunyar rage gudu. Sai ya kama mata wuri a gindin tudu, ya saya mata mayafi, kullum da safe ya sauka ya goge ta. Mota a ƙasa cikin lulluɓi, uwa a sama tana jiran Juma'a.

Za ku ce ai akwai tasi. Akwai. Amma wa zai tura ta daga inda ake tare hanya zuwa ciki? Juma'ar kuma ita ce ranar fitar abokai. Malam Kabo, wanda ya sayi bas ɗin, ya aiko har sau biyu yana cewa shi zai riƙa kai ta kyauta. Ta ce a yi masa godiya. Ta ce wa Shifa, “Ina da ɗa a raye. In baƙo ya tura ni, me za a ce da shi a unguwa?” Kun ga uwa? Ana tauye ta, ita tana rufa masa asiri.

Juma'a ta wuce. Wata ta wuce. Kullum amsarsa, “Insha Allah mai zuwa, Ummi.” Ba wai zuciyarsa ba ta damunsa ba. In ya shigo ya ga arabiyya a naɗe a bayan ƙofa, sai ya kau da kai, ya ce wa ransa ai na yi shekaru ina yi, mutum ba zai huta ba? Har Juma'a goma sha ɗaya.

Ana cikin sanyi ta kira shi ɗakinta. Ta ce, “Babana, wannan Juma'ar ka kai ni. Ko a tasi ne. Ina so in ga Ɗakin Allah.”

Ya ce, “Abshiri, Ummi, ki kwantar da hankalinki. Na yi alkawari.”

Ranar Alhamis abokai suka kira shi. An buɗe filin tsere can wajen Riyad, yini ɗaya, kuma shi tun da ya sayi motar bai taɓa sa ta inda aka ƙera ta dominsa ba. Wata uku yana rarrafe da ita a cunkoson Makka, gumi har wando. Ya tsaya a gindin tudu da makulli a hannu, ya ɗaga kai ya kalli tagar ɗakinta. Ya ce ai Juma'a ba ta ƙarewa. Bai hau ya yi mata sallama ba, don ya san in ya ga idonta ba zai tafi ba.

Juma'a da hantsi Hajiya ta yi wanka, ta sa fararen kayanta, ta sa Shifa ta buɗe arabiyya ta zaunar da ita a bakin ƙofa. Da Shifa ta daure ta faɗa mata ya tafi Riyad, tsohuwa ta ce, “Ya ce zai zo.” Tana nan zaune da carbi har aka yi kiran farko. Tana nan har aka idar. Sai ta ce ƙirjinta ya yi nauyi.

Shifa ta kira mijinta, ta kira, ta kira. Waya tana cikin jaka, shi yana cikin hular ƙarfe yana zagaya fili, yana jin daɗin da bai taɓa ji ba, abokai suna ɗaga masa hannu. Malam Kabo ne ya zo a guje da bas ɗin nan, ya naɗe kujerar baya kamar yadda ake yi da, aka kai ta asibiti. Kafin la'asar ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da ya cire hula ya duba waya, sai ya tarar da saƙon rasuwar. Dattawan unguwa suka ce masa za a jira shi, gobe bayan azahar za a yi mata salla a Harami, ya bar motar nan ya hau jirgi. Wani ma'aikacin filin ma ya nuna masa tayoyin, ya ce yinin nan ya cinye su, ba za su kai shi ba.

To ku ji inda girman kai yake kai bawa. Ya ce shi da motar da ta fi kowace gudu, shi za a ce ya tsaya layin jirgi? Ya ce zai riga jirgin isa.

Rana ba ta faɗi ba taya ta fashe masa a tsakiyar sahara. Motar ta yi ta juyawa, waɗanda suka gani sun ce ba su iya ƙirgawa ba. Ta koma kamar gwangwanin da aka taka. Shi ya fita da rai, ƙarafan nan na baya su suka hana rufin ya danne shi. Amma ƙashin bayansa ya taɓu.

Kwana uku bai san inda yake ba. Da ya buɗe ido ya ga Shifa, abin da ya fara cewa shi ne, “An yi azahar?”

Ta ce, “An yi. Tun shekaranjiya aka kai ta.”

Dubban mutane sun sallaci Hajiya Ɗaso a gaban Ka'aba, Turkawa, 'yan Indonesiya, mutanen da ba su san ko sunanta ba. Ta ga Ɗakin, amma a kan kafaɗun wasu. Ɗanta guda ɗaya ba ya cikin sahu.

Abokan sun zo dubiya sau ɗaya. Wai har ɗayansu yana cewa, ka ga amfanin mota mai tsada, da wata ce da ka mutu, wannan ta ci kuɗinta. Ta ci kuɗinta? Ku faɗa min, ya 'yan uwa. Malama ta koya mana salla ɗaya a Harami tana da ladan salla dubu ɗari. Juma'a goma sha biyu ya hana uwarsa. Wace kasuwa ake sayar da wannan a mayar mata? Ƙarfen da ya tsare masa rai, ba shi ne ya hana arabiyyarta shiga ba? Allah bai hana mu abin hawa mai kyau ba. Amma duk abin da za ka saya, in ba shi da wurin mahaifiyarka, ya yi tsada ko kyauta aka ba ka.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa haƙuri. Juma'ar nan da ta wuce ita ce fitata ta farko, Abban Minnatullah ya ce mu kai ta Harami ta sha iskar wurin, ni kuwa murna kamar in tashi sama. Muka sauko titi muka tare mota, sai ga farar bas. Malam Kabo ne. Na shiga da jaririyata, na waiga, na ga an naɗe kujerar baya. Ga arabiyya. Ga 'yar jakar Hajiya Ɗaso har yanzu ɗaure a hannun keken, da carbinta da gorar zamzam. A kan keken kuwa ɗanta ne zaune, ya rame, Shifa tana riƙe da kafaɗarsa. Shekara guda ke nan, duk Juma'a Malam Kabo yake zuwa ya ɗauke shi, ba ya karɓar ko riyal.

Muka taho, muka iso wurin kunyar rage gudun nan ta kusa da masu tsire. Sai na ji muryarsa daga baya, ƙasa-ƙasa.

Ya ce, “Malam, don Allah a hankali.”

Wallahi sai da na ƙanƙame 'yata.

Wadda uwarta ke raye a cikinku, ko tana nan Mansur ko tana Kano ko tana Damagaram, kada ta ce mata mai zuwa. Ku faɗa wa mazanku, ku faɗa wa ƙannenku masu kallon motoci a waya. Allah ya jiƙan wannan baiwa tasa, ya sa ta yafe kafin ta cika, ya ba ɗanta lafiya ya karɓi tubansa. Allah ya raya mana 'ya'yanmu su zama masu jinƙanmu ranar da gwiwa ta ƙi. Allah ya kiyaye mu da son abin da zai raba mu da iyayenmu, ya kiyaye mu da alkawarin da ba za mu samu ranar cikawa ba. Amin.